Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Kimiyyar Raya Tsohuwar Motar Ingila a Ƙasar Zafi

Gabatarwa

Duk wanda ya girma a yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun, ya kuma ba shekara hamsin baya, ba ya bukatar a kwatanta masa Land Rover, wadda bakin mutanenmu ya mayar Landiroba. Ita ce motar malaman gona da malaman dabbobi da masu allurar rigakafi da 'yan sanda. A shekarun da ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, hanyoyin da suka haɗa garuruwa irin su Tsibiri da ƙauyukan fadama yashi ne da rani, laka ce da damina, watau dai irin hanyar da aka ƙera wannan mota dominta.

A yau kaɗan suka rage. Wasu suna bayan gareji a ɗore bisa duwatsu, kaji na ƙwai a cikinsu. Amma a Ingila, inda aka haife su, sa'o'insu na nan suna yawo bisa titi. Shin me ya sa haka? A wannan maƙala za mu nuna wa mai karatu cewa ba tsufa ne ke kashe irin wannan mota a ƙasarmu ba. Zafi ne da ƙura da irin man da ake ba ta, kuma kowanne daga cikinsu yana da dalili na kimiyya, yana da magani.

Asalin Motar da 'Yan'uwanta

An fara nuna Land Rover ga jama'a a birnin Amsterdam cikin watan Afrilu na 1948, ana ƙera ta a garin Solihull. Da yake ƙarfe ya yi ƙaranci a Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi jikinta da alminiyom, aka ɗora bisa shasi na ƙarfe. Wadda aka fi sani a nan ita ce mai inji silinda huɗu, lita biyu da kwata. Daga baya an riƙa harhaɗa ta a masana'antar Leyland da ke Ibadan, ɗaya daga cikin masana'antun motoci da aka kafa a Nijeriya a shekarun 1970, tare da ta Peugeot a Kaduna da ta Steyr a Bauchi.

Tana da 'yar'uwa ta ƙawa, watau MGB, ƙaramar mota mai kujera biyu, buɗaɗɗen kai, wadda aka ƙera fiye da rabin miliyan a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980. A 1968 kamfani ɗaya, British Leyland, ya zama mamallakin su biyun. Tsakanin cikin MGB da ƙasa bai wuce inci biyar ba, saboda haka ba ta da abin yi a hanyar Tsibiri. To amma in aka ɗaga murfin injinsu za a ga jini ɗaya ne: silinda huɗu, kan inji na baƙin ƙarfe, kafireto, kwantak, da kayan wuta na kamfanin Lucas. Babu kwamfuta ko ɗaya a cikinsu. Abin da za mu faɗa a kan ɗaya ya shafi ɗayar.

Zafi: Babban Abokin Gaba

Injin fetur irin na da ba ya mayar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin mai zuwa tafiya. Sauran duk zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani kuma ruwa ya kwashe shi zuwa lagireto, inda iska ke ɗauke shi. Lagireto na aiki ne da bambancin da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iskar waje. A Landan, tsakiyar lokacin zafinsu, rana ba ta cika wuce digiri 23 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas ba. A Zamfara kuwa, cikin Afrilu, takan haura 40. Ke nan lagireton da ke aiki cikin walwala a can, a nan yana bakin iyakar ƙarfinsa ne. Ƙaramin sakaci ya isa ya sa mota ta tafasa.

Sakaci na farko shi ne murfin lagireto. Mutane da yawa sun ɗauka aikinsa hana ruwa zuba ne kawai, har wasu kan toshe bakin da tsumma in ya ɓace. Alhali kuwa murfin na da sifirin da ke riƙe matsi a ciki. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma in aka matse shi da nauyin fam goma a kan kowane murabba'in inci, ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 115. Murfin da robarsa ta mutu ya zubar da wannan rata ta digiri 15, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na gaskit ɗin da zai ƙone ba. Wannan matsi ne kuma ya sa buɗe murfi da zafi ke da haɗari: da zarar an buɗe, ruwan da ya wuce digiri 100 zai tafasa nan take, ya yi tsartuwa a fuskar mai buɗewa.

Na biyu shi ne irin ruwan da ake zubawa. Mai karatu ya duba gindin butar mai shayi, zai ga wani farin abu kamar alli ya daskare. Wannan sinadaran da ke narke cikin ruwan rijiya ne, zafi ya fitar da su. Haka suke daskarewa a cikin siraran bututun lagireto, su zama bargo tsakanin ruwa da ƙarfe. Ruwan gulbi kuma laka yake kawowa. Abin da ya dace shi ne tataccen ruwa irin na batir, ko tsabtataccen ruwan sama, a haɗa da ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa.

Na uku al'ada ce da ta zama ruwan dare a garejinmu, watau cire tamostat da zarar mota ta fara zafi. Tamostat ƙofa ce mai kakin zuma na musamman a cikinta. Kakin na kumbura ya buɗe hanya idan ruwa ya kai digiri 74 ko 82, gwargwadon irin wanda aka sa. In aka cire shi, inji zai daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubahin hunturu. A inji mai sanyi, fetur ba ya ƙonewa sarai, sai ya kwanta a bangon silinda, ya wanke baƙin mai, ringi ya riƙa gurzar ƙarfe. A wasu injunan ma cire shi na barin ruwa ya bi gajeriyar hanya ya komo ba tare da ya ratsa lagireto ba. Mai cire tamostat ya yi maganin alama ne, cutar kuwa tana nan: toshewar lagireto, ko saken fanbel, ko kuskuren saitin wuta.

Akwai kuma motar da kan mutu da tsakar rana, a bar ta ta huce ta tashi lafiya lau. Sau da yawa fetur ne ya zama tururi a cikin bututu, famfon mai kuwa ruwa ya iya turawa, ba tururi ba. Tsofaffin direbobi kan ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon. Ba camfi ba ne: ruwan da ke bushewa yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha.

Ƙura

Kafin inji ya ƙona lita ɗaya ta fetur, sai ya shaƙi iska wajen lita dubu tara. A lokacin hunturu wannan iska cike take da ƙurar da ke tasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga kuma ta hanya. Ƙwayar yashi ta fi baƙin ƙarfen silinda tauri. In ta haɗu da baƙin mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa.

Tsohuwar Landiroba na da matatar iska mai kwanon mai a gindinta. Iska kan gangaro, ta yi kwana da sauri a kan man. Ƙura, da yake ta fi nauyi, ba ta iya kwanar, sai ta faɗa cikin man, ragowar kuma ta maƙale a jiƙaƙƙiyar waya. Ba ta bukatar a sayi komai, sai dai a wanke kwanon a sake mai zuwa kan layin da aka zana. Cikin hazo, duba ta kullum ba ɓata lokaci ba ne. In laka ta cika kwanon, matatar ta zama ado.

Dalma da Bawul

A nan ne tarihi ya sauya wa waɗannan injuna abinci. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors a Amurka ya gano cewa sinadarin dalma na hana inji ƙwanƙwasa. Shekaru da dama ana zuba shi a fetur. Dalmar na barin wani siririn shafi a mazaunin bawul ɗin da hayaƙi ke fita, wanda ke hana bawul mai tsananin zafi cin baƙin ƙarfen da yake sauka a kai.

Amma dalma guba ce, ta fi kuma illa ga ƙwaƙwalwar yara. Mutanen Zamfara ba su bukatar a ba su labari: a 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina fetur mai dalma zuwa farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Wannan ci gaba ne da babu mai hankalin da zai so a koma baya. Haka nan ya kamata bakanike ya tuna cewa dalma ce a cikin batir, kada a fasa shi ko a narka shi inda yara ke wasa.

Ga tsohon inji kuwa, rashin dalma na sa bawul ya riƙa nutsewa sannu a hankali cikin mazauninsa, musamman a doguwar tafiya da gudu ko da kaya mai nauyi. Alamar ita ce ratar tafet na raguwa da kanta. A injin Landiroba ratar ita ce milimita 0.25. In an saita ta, bayan ɗan lokaci aka tarar ta ƙuntata, to bawul na nutsewa, kuma in ta rufe gaba ɗaya bawul zai ƙone. Maganin dindindin shi ne a kai kan injin wurin masu injin sassaƙa ƙarfe, su dasa masa mazauni na ƙarfe mai tauri. Sa'an nan a guji man bumburutu da aka gauraya da kananzir, domin yana jawo ƙwanƙwasar da ke huda fistin.

Tsatsa da Sifana

A Ingila gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara shi ke cinye motoci, har ta kai tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ke buga sabon jikin MGB da ainihin injunan da aka yi na farko. Bushewar ƙasarmu ta yi mana rana a nan. Duk da haka lakar fadama kan shige cikin shasi ta riƙe danshi har bayan kaka, ta ci shi daga ciki. Haka kuma duk inda alminiyom ya taɓa ƙarfe, in da danshi, wurin kan zama kamar ƙaramin batir, alminiyom ɗin ya riƙa zama farin gari. A wanke ƙarƙashin mota bayan damina, a raba ƙarafan biyu da fenti ko roba.

Abubuwa biyu kuma kan yaudari bakaniken da ya koyi aiki a kan motocin Japan. Na farko, notinan waɗannan motoci da inci aka auna su, wasu ma a kan tsarin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841. Sifana ta milimita za ta shiga kamar ta dace, amma sai ta cinye kan noti. Na biyu, yawancin waɗanda aka ƙera kafin 1967 ƙafar batir mai alamar tarawa ce ake haɗawa da jikin mota, akasin motocin yau. Wanda bai duba ba ya sa rediyo ko altaneta ta zamani, zai ƙone ta nan take.

Kammalawa

Mun ga cewa murfin lagireto, da tsabtataccen ruwa, da kwanon mai, da ratar da ba ta kai kaurin farce ba, su ne ke tsakanin motar da ke aiki da wadda kaji ke kwana a ciki. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin bakaniken Talata Mafara ko Bakura, in ya haɗa gwanintar hannu da sanin dalili. Bugu da ƙari, irin wannan inji littafi ne buɗaɗɗe. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ya kwance shi ya mayar, ya ga darasin zafi da matsi da lantarki da idonsa, abin da motar zamani ta ɓoye a cikin akwatin kwamfuta. Saboda haka kafin a sayar da wata tsohuwar Landiroba ga 'yan gwangwan a kan kilo, yana da kyau a fara tambaya ko akwai makarantar da ke bukatarta.