Darasin Zaman Kulle na 2020: Ƙuncin Zuciya da Tsarin Yinin Musulmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya zauna a Kano cikin shekarar 1441 ta Hijira, wato 2020, ba zai manta da azumin da ya yi a kulle ba. Ran 11 ga watan Afrilu aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a jihar, ran 16 ga watan kuwa gwamnati ta kafa dokar hana fita. Watan Ramadan ya kama ran 24 ga Afrilu, bayan kwana uku Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu na zaman gida. Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari suka zama kamar an yi shara, aka dakatar da sallar Juma'a da tafsiri da tarawihi cikin jam'i. Kaduna ta riga shiga tata dokar tun ƙarshen Maris, su kuma ƙananan ma'aikatan Gwamnatin Tarayya an sallame su tun a lokacin su zauna gida.

An yi magana mai yawa a kan yunwa da asarar dukiya da wannan zama ya jawo, amma akwai wata cuta da ta bi mutane har cikin ɗaki, wadda ba a cika ambatonta ba saboda kunya. Ita ce ƙuncin zuciya da fargaba da rashin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cikin watan Maris na 2022 cewa a shekarar farko ta annobar yawan masu fama da fargaba da ciwon damuwa ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Mutanen Kano kuwa suna da ƙarin dalili, don a makonnin nan ne aka yi ta rasa dattawa da malamai a jere. Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya rasuwa 979, kuma ana zaton kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da cutar. Mutum yana zaune a gida sai ya ji rasuwar amininsa ta waya, ba halin jana'iza, ba halin zaman makoki.

To, me ya sa zaman gida kawai yake taɓa hankalin mutum haka? Mai karatu ya dubi yinin ɗan kasuwa. Ya tashi da asuba ya tafi masallaci, ya karya kumallo, ya fita kasuwa ya buɗe rumfa, ya gaisa da maƙwabta, azahar da la'asar ya yi su cikin jam'i, da magariba ya zauna majalisa a ƙofar gida. Haka shi ma ma'aikaci yake da lokacin shiga ofis da na tashi. Waɗannan su ne turakun da yini yake ɗaure a jikinsu. Likitoci sun tabbatar akwai wani agogo a jikin ɗan Adam wanda hasken rana da lokacin cin abinci da motsa jiki suke daidaita shi, shi ne yake kawo barci da dare da kuzari da rana. Da aka tuge turakun nan a lokaci guda, sai agogon ya rikice. Mutum ya kwana yana latsa waya yana bin labarin mace-mace, na gaskiya da na ƙarya, ya yini yana barci, ya farka da nauyin jiki da zafin rai. Abu kaɗan sai faɗa da iyali, musamman da yake kuɗin cefane yana ƙarewa, ita ma uwargida sana'arta ta cikin gida ta tsaya tun da babu mai kai talla.

A nan ne waɗansu suka yi kuskure babba, suka riƙa cewa duk wanda damuwa ta kama shi raunin imani ne gare shi. Wannan magana ba ta da tushe. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusufu ya kai har ya taɓa ganinsa, alhali kuwa Annabin Allah ne. Malaman tarihi suna kiran shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu shekarar baƙin ciki. Har ila yau wani malami mai suna Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya, ya wallafa littafi a kan gyaran jiki da zuciya, inda ya bambanta baƙin cikin da aka san sanadinsa, kamar rashi ko asara, da wanda yakan sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya kuma nuna cewa wannan na biyun daga jiki yake, yana bukatar magani kamar sauran cututtuka.

Shi kansa zaman gida lokacin annoba ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Bukhari da Muslim sun ruwaito umarnin Annabi (S.A.W.) cewa kada a shiga garin da annoba ta faɗa, wanda yake ciki kuma kada ya fita. A shekara ta 18 bayan Hijira, da annobar Amwas ta ɓarke a ƙasar Sham, Sayyidina Umar ya juya daga hanya bai shiga ba, ya kuma fahimtar da Abu Ubaida cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Nana A'isha ta ruwaito cewa wanda ya zauna a garinsa yana mai haƙuri da neman lada yana da kwatankwacin ladan shahidi. Ke nan wanda ya yi salla a gida don kare ran jama'a bai yi asarar komai ba wajen Ubangijinsa. Da wannan bayani ya isa kunnen kowa da wuri, da dattawa da yawa sun huta da zargin kai a kan barin masallaci.

Abin lura shi ne, Musulmi yana da agogon da babu dokar da za ta iya tsayar da shi, wato salloli biyar. Magidancin da ya ja iyalinsa salla a kan lokacinta ya riga ya raba yininsa gida biyar. Saura ya cika tsakaninsu: bayan asuba karatun Alƙur'ani da bitar allon yara, da hantsi ya fito tsakar gida ya sha rana ya motsa jiki ko da zagaye ne, ya taya aikin gida kamar yadda aka ruwaito Manzon Allah yana yi, ɗan kasuwa ya zauna ya daidaita littafin bashinsa, ma'aikaci ya karanta abin da zai ƙare shi. Labari kuwa a saurare shi sau ɗaya ko biyu a rediyo, a bar bin jita-jita. Bayan la'asar a buga waya a gaida iyaye da 'yan'uwa da abokan majalisa, don zumunci ibada ne kuma magani ne. Bayan isha'i a ajiye waya a kwanta. Mai hali kuma ya leƙa maƙwabcin da abincinsa yake hannu baka hannu ƙwarya, don ba abin da yake sanyaya zuciya kamar yaye wa wani damuwarsa.

Amma fa a sani, in ƙuncin ya wuce mako biyu bai sassauta ba, mutum ya daina jin daɗin komai, barci da cin abinci suka gagara, ko kuma ya fara tunanin gara mutuwa, to lokacin zuwa asibiti ya yi. Akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau da na Gwamnatin Tarayya da yake Barnawa a Kaduna. Zuwa wurinsu ba ya nufin mutum ya haukace, ba ya kuma soke addu'a, a haɗa su biyun. Iyali su ma kada su ce wa mai wannan hali ya yi haƙuri kawai su juya baya. Su zauna da shi, su saurare shi, su raka shi wajen likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona ran 5 ga watan Mayu na 2023, amma kowannenmu yana da nasa kullen da yake jiransa. Ma'aikaci zai yi ritaya ya wayi gari ba ofishin zuwa, ɗan kasuwa yana iya karyewa ko gobara ta cinye rumfarsa, jinya ko tsufa suna iya kwantar da kowa, hukuma kuma takan sa dokar hana fita in rikici ya tashi. Wanda ya saba tun yanzu da ɗaure yininsa a jikin salla da karatu da hira da iyalinsa, ranar da aka rufe masa ƙofar kasuwa ko ta ofis yana da abin da zai riƙa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan annoba, Ya yaye wa masu damuwa damuwarsu, Ya kiyaye mu da sake ganin irinta. Amin.