Inda Ruwan Tafkin Chadi Yake Fitowa

A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Mai neman dalili sai ya bar bakin tafkin ya nufi kudu, domin kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke zuba masa, Shari da Logon ne ke kawo shi daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na Kamaru. Na Komadugu Yobe, wanda ke gangarowa daga yankin Kano da Jos, bai taka kara ya karya ba.

Tafkin kamar faranti yake, ga faɗi ba zurfi, rana kuma tana shanye kimanin mita biyu na ruwansa duk shekara. Shi ya sa in damina ta gaza can kudu shekaru a jere, gaɓa takan ja da baya da nisa. Haka aka yi a farin 1973, har tafkin ya rabu biyu, na arewa da na kudu.

To me ya hana ruwan sama? A 1975 masanin yanayi Jule Charney ya kawo bayanin da aka daɗe ana bi: kiwo ya cinye ciyayi, ƙasa ta zama fako mai mayar da hasken rana sama, hadari ya kasa haɗuwa. An yi shekaru ana ɗora wa makiyaya laifi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka gwada wata hanya. Suka ba kwamfuta mai kwaikwayon yanayi alƙaluman zafin ruwan teku na shekarun baya, ba su saka mata wani sauyi na gona ko kiwo ba, sai ga farin Sahel ya fito kusan yadda aka gan shi. Iskar damina daga Tekun Atlantika take ɗauko danshi. Idan ɓangaren arewa na tekun ya yi sanyi fiye da yadda ya saba, na kudu kuma ya ƙara ɗumi, iskar takan yi rauni, hadari ya tsaya kafin ya kutsa arewa sosai.

Wannan hawa da sauka na damina daga shekara zuwa shekara masana ke kira kai-komon yanayi, kuma daban yake da ɗumamar duniya, wadda ke tafiya gefe guda. Rarrabe su na buƙatar awo na dogon lokaci: ma'aunin kogi a Ndjamena, hotunan tauraron ɗan'adam, da bayanan cibiyar AGRHYMET ta Yamai. Tsofaffin rubuce-rubuce ma sun nuna tafkin ya taɓa tsukewa a farkon ƙarni na 20, ya sake cika.

Batun cewa tafkin na dab da ɓacewa, awo bai gaskata shi ba. Tun shekarun 1990 damina ta ɗan farfaɗo. Ɓangaren kudu na riƙe da ruwansa, na arewa kuwa wata shekara ya cika, wata ya ƙafe.