KYAFTIN SUTTER, WANDA ZINARIYA TA TSIYATA

Cikin Turawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, da wuya a sami mai labari irin na John Sutter, mutumin Suwizalan, wanda aka haifa a 1803. Bashi ne ya kore shi daga gida a 1834, ya bar matarsa da 'ya'ya, ya ƙetare teku.

A 1839 ya isa Kalifoniya, tana hannun Meziko a lokacin. Gwamna Alvarado ya ba shi ƙasa wajen eka dubu 48, ya gina ganuwa inda birnin Sakaramento yake yanzu, ya tara shanu, ya noma alkama. Amma mu faɗi gaskiya, gumin 'yan asalin ƙasar ne ya tara dukiyar nan, da yawansu kuwa tilasta su aka yi. A 1845 ya ja runduna don ya taimaki Gwamna Micheltorena da 'yan tawaye, aka ci su, har aka kama shi.

Katako ne ya jawo masa. Ya sa wani kafinta, James Marshall, ya gina masa injin tsaga katako mai aiki da ƙarfin ruwa a Koloma. Ran 24 ga Janairu, 1848, Marshall ya hangi wani abu yana ƙyalli a magudanar injin. Ashe zinariya ce! Sutter ya so a rufa maganar, amma ina! Ma'aikatansa suka watse haƙa, dubban baƙi suka kwararo, suka tattake gonakinsa, suka yanka shanunsa, suka zauna bisa ƙasarsa ba sallama.

Duk da haka darajarsa ba ta zube ba tukuna, gama yana cikin wakilan da suka zauna a Monterey a 1849 suka tsara dokokin mulkin sabuwar jihar Kalifoniya. Wajen shari'a ne aka ƙarasa shi. Takardun ƙasarsa na zamanin Meziko ne, ga shi mulki ya koma hannun Amurka, sai Kotun Ƙoli ta soke ɗaya daga cikin kyautar ƙasa biyu da aka yi masa. A 1865 kuma gidansa ya ƙone.

Ya yi shekaru yana kai kuka Majalisar Amurka a biya shi diyya. Ran 16 ga Yuni, 1880, Majalisa ta tashi ba ta yanke maganarsa ba. Bayan kwana biyu ya rasu a wani masauki a Washintin.