Farfesa Idris Bugaje: Injiniyan sinadarai da ke nema wa masu walda takardar shaida

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya ratsa ta Tambuwal, zai ga masu walda a bakin titi suna haɗa ƙofofi da tagogi da kurar ruwa. Haka abin yake a Kebbe da sauran garuruwan yankin. Da yawansu sun shekara goma ko fiye suna wannan aiki, sun kuma yaye yara. Sai dai idan babban kamfani ya zo ɗaukar ma'aikata, abin da zai fara tambaya shi ne takardar shaidar ƙwarewa, su kuwa ba su da ita.

Wannan giɓi ne Farfesa Idris Muhammad Bugaje ya daɗe yana ƙoƙarin cikewa. Ɗan jihar Katsina ne, ya karanta injiniyancin sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Fanni ne da ke koyar da yadda ake sarrafa ɗanyen kaya ya zama abin amfani a masana'anta, kamar tace ɗanyen mai ko haɗa takin zamani. Bincikensa na farko ya fi karkata ga makamashi. A 2006 ya wallafa wani nazari kan yadda Afirka za ta ci moriyar rana da iska da ruwa wajen samar da lantarki.

Daga baya ya shugabanci NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai da ke Basawa a Zariya, inda aka yi aiki kan kayan da manomi ke gani kullum, irin su 'ya'yan dogonyaro da tumatir.

Amma a Kaduna ne sunansa ya fi fitowa. Bayan ya zama shugaban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 2017, sai ya waiwayi kasuwar Panteka, maƙwabciyar kwalejin, inda masu walda da maƙera da kafintoci ke ƙera injin niƙa da kayan gyara iri-iri. Shekaru da dama malaman kwalejin da masu sana'ar kasuwar suna zaune kusa da juna, kowa na harkar gabansa. Bugaje ya haɗa su: kwaleji ta gwada abin da mai sana'a ya riga ya iya, ta ƙara masa abin da ya rage, kamar karanta zanen aiki da kiyaye haɗari, sannan ta ba shi shaida. Ba a ce masa ya rufe rumfa ya koma aji na shekara huɗu ba.

A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi babban sakataren Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna. Nan ya samu damar yaɗa tsarin a faɗin ƙasa. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, yana buƙatar masu walda da aka tantance, domin ɗan kuskure a mahaɗa guda na iya jawo gobara. A 2023 ma an yi ta ce-ce-ku-ce kan dubban ƙwararru 'yan Indiya da ke aiki a matatar Dangote, ko da yake kamfanin ya ce 'yan Najeriya sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Ba ko'ina ya yi nasara ba. Ya daɗe yana sukar fifita mai digiri kan mai HND a aikin gwamnati, inda ake tsayar da mai HND a wani mataki komai ƙwazonsa. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta amince da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma Buhari ya sauka bai sa hannu ba. Da NBTE ta fito da shirin karatun shekara guda ta intanet a 2023, domin mai HND ya samu digiri daga jami'o'in waje, sai Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta ce ba hurumin NBTE ba ne. A nan masu sukarsa suna da abin faɗa: wanda ke cewa sana'a ta fi takarda, me ya kai shi nema wa mutane ƙarin takarda?

Akwai kuma matsalar nisa. Mai sana'ar Panteka ƙafa kawai zai taka ya shiga kwaleji. Mai walda a Kebbe kuwa sai ya rufe rumfarsa, ya biya kuɗin mota zuwa inda ake tantancewa, ya kuma yi asarar cinikin ranar.