Me Ya Haɗa Ɗalibin Hausa da Lissafi?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da yawanmu mun zaɓi nazarin harshe ne domin mu tsere wa lissafi. Ni ma ina cikinku. A Minna na tashi, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta na koye ta. Amma hirar da nake yi da wani abokina mai digiri na biyu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ta sa na sake tunani.

An kafa wannan jami'a a shekarar 1983, tana da mazauni biyu, wato Bosso da Gidan Kwano. A digiri na farko ɗalibi yana koyon abin da aka riga aka gano ne. A digiri na biyu kuwa, sai ya yi darussa masu zurfi tukuna, sannan ya rubuta kundi a ƙarƙashin malami mai duba aiki. Nan ake koya masa gano matsala, da kafa hujja, da kare ta a gaban masana. Wannan shi ne tsanin zuwa digiri na uku.

To ina ruwanmu? Mu ɗauki kalmar "gari". A rubuce ɗaya ce, amma a baki biyu ce: garin da ake zama da garin tuwo. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Kwamfuta ba ta da kunne, sai dai ta mayar da kalmomi lambobi, ta ƙirga waɗanda suka saba zuwa tare. In ta ga "niƙa" ko "masara" a kusa, sai ta rinjayar da garin tuwo. Wannan aikin lissafin yiwuwa ne da aljabara. Haka kuma in marubuci ya yar da ƙugiya, "ƙasa" ta koma "kasa", ƙirgen ya gurɓace.

Tun 2013 Google Translate ya fara fassara Hausa, kuma a 2019 aka kafa ƙungiyar Masakhane domin binciken harsunan Afirka a kwamfuta. Masu wannan aiki sun iya lissafi, amma suna buƙatar wanda ya san nahawu da karin harshe. In ba mu shiga ba, Hausar da na'ura za ta koya wa ƙannenmu gurguwa ce.

Lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Shawarata ita ce mu kiyaye ƙa'idojin rubutu, mu koyi kwamfuta ko kaɗan, mu kuma nemi ɗaliban lissafi mu yi bincike tare. Allah ya sa mu dace.