Cy Young

Denton True Young, wanda aka fi sani da Cy Young (29 ga Maris, 1867 – 4 ga Nuwamba, 1955), ɗan wasan baseball ne na ƙasar Amurka, haifaffen ƙauyen Gilmore a jihar Ohio. Mai jifa ne, wato wanda ke jefa wa mai riƙe da gora ƙwallo domin ya kasa bugunta. Laƙabinsa gutsure ne na kalmar Turanci mai nufin guguwa, saboda ƙarfin jifarsa.

Ya yi wasa daga 1890 zuwa 1911, mafi yawa a Cleveland da Boston. Ranar 5 ga Mayu, 1904, ya fitar da 'yan Philadelphia Athletics 27 a jere, ko ɗaya bai taka sansanin farko ba.

Ya ci wasa 511. Walter Johnson da ke biye masa yana da 417. Da wuya a kamo shi, domin Young ya kammala wasa 749 shi kaɗai, alhali masu jifa na yanzu akan sauya su tun wasa bai ƙare ba. Tun 1956 ake ba gwarzon masu jifa kyauta mai sunansa.