Tafiyar Magani a Cikin Jiki

Idan mutum ya karɓi magani a asibiti ko a kyamis, akan yi masa zane a bayan kwali: biyu da safe, biyu da rana, biyu da dare. Wannan zane yana da tushe a awon da masana suka yi kafin a fitar da maganin kasuwa. Sun auna tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya shiga jini, da inda yake zuwa, da abin da yake taɓawa idan ya isa, da lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya fitar da shi. Wanda ya san wannan tafiya ba zai riƙa ƙara ƙwaya ko rage ta da ka ba.

Ƙwayar da aka haɗiya takan narke a ciki, amma yawancinta sai ta gangara ƙaramin hanji kafin ta ratsa zuwa jini. Farasitamol kan kai ƙarshen ƙarfinsa a jini cikin rabin awa zuwa awa biyu. Abin da mutum ya ci yana da tasiri a nan, kuma ba doka ɗaya ce ga kowane magani ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro mai haɗin atimita da lumefantirin, irin su Coartem, yana buƙatar maiƙo kafin lumefantirin ya shiga jini sosai, shi ya sa ake cewa a sha shi da madara ko bayan abinci mai mai. Tetirasaikilin kuwa akasin haka yake: sinadarin kalsiyam da ke cikin nono da madara yakan riƙe shi a hanji, sai kaso mai yawa ya wuce bai yi aiki ba. Insulin na masu ciwon sukari ba a yin sa a ƙwaya, domin ciki zai narkar da shi yadda yake narkar da nama.

Jinin da ya kwaso magani daga hanji ba ya wucewa zuciya kai tsaye, sai ya bi ta hanta. Akwai magungunan da hanta ke lalata kaso mai yawa daga cikinsu tun a wannan wucewar farko. Naitirogilisarin na ciwon ƙirjin masu matsalar zuciya yana cikinsu, don haka a ƙarƙashin harshe ake sa shi, ya shiga jini ta jijiyoyin baki. Allurar jijiya ita ma tana tsallake hanji gaba ɗaya. Daga nan ne mutanenmu da yawa suka ɗauka cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi, har wasu ba sa ganin an yi musu magani sai an soka musu ita. Abin da ta fi ƙwaya da shi sauri ne, kuma tana da amfani ga mai amai ko wanda ya fita hayyacinsa, kamar yaron da zazzaɓi ya tsananta masa ake yi masa allurar atesunet. Sai dai abin da ya shiga jijiya ba ya dawowa, kuskurensa ya fi wuyar gyara.

Jini kan zaga jiki cikin kusan minti ɗaya, yana raba maganin ko'ina, ba wurin da ke ciwo kaɗai ba. Ƙwaƙwalwa tana da shinge da ke tare magunguna da yawa, amma Piriton yana ratsa shi, wannan ne dalilin barcin da yake sawa. Mahaifa ba ta da tsaro irin wannan. Tsakanin 1957 da 1961 mata masu ciki a Jamus da Ingila da wasu ƙasashe sun sha talidomaid don laulayi, aka haifi jarirai sama da 10,000 da naƙasa, galibi a hannu da ƙafa. Bayan wannan musiba aka tsaurara dokokin gwajin magani a ƙasashe da dama.

Idan maganin ya isa, me yake yi? A farkon ƙarni na 20, John Langley a Ingila da Paul Ehrlich a Jamus suka kawo bayanin cewa ƙwayoyin halittar jiki suna da wasu mazaunai na musamman, magani ba ya aiki sai ya kama ɗaya daga cikinsu. Wani yana kamawa ya tayar da aiki, kamar salbutamol da masu asma ke shaƙa, wanda ke sa hanyoyin numfashi su buɗe. Wani yana kamawa ne don ya tare wurin. A 1971 John Vane ya gano cewa asfirin yana hana jiki sarrafa furostagilandin, sinadarin da ke kawo zafi da kumburi. To amma wannan sinadari shi ne kuma ke kare bangon ciki daga ruwan tsami, saboda haka asfirin da 'yan'uwansa irin su ibufurofen da daikulofenak suke tayar da gyambon ciki. Amfanin da illar daga aiki ɗaya suka fito. Fenisilin kuma bangon ƙwayar bakteriya yake rushewa, ƙwayar bairos mai kawo mura ba ta da wannan bango, don haka shan amoksisilin saboda mura asarar kuɗi ce da koya wa ƙwayoyin cuta turjiya.

Hanta ce ke juya magani zuwa abin da jiki zai iya zubarwa, kuma a nan farasitamol ya cancanci a tsaya a kansa, tun da babu gidan da ba ya shiga. Yawancinsa hanta na sarrafa shi lafiya lau. Ɗan kaɗan ne ke rikiɗa zuwa wani abu mai guba, wanda hanta ke kashewa da wani sinadarin kariya da take ajiyewa. Ajiyar tana da iyaka. Babban mutum mai lafiya bai kamata ya wuce giram 4 a rana ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Abin da ke damuna shi ne magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da farasitamol a cikinsu, mutum ya haɗa su da Panadol ya zarce iyaka bai sani ba. Kuma ranar farko zai iya jin sa garau, sai bayan kwana biyu ko uku lalacewar hanta ta bayyana. Akwai makari, amma ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8 na farko.

Wani lokaci hantar ce ma ke farkar da magani. Kodin ba ya kashe zafi sosai sai ta mayar da wani kasonsa mofin, kuma mutane sun bambanta a gado: wani hantarsa ba ta juya shi kusan ko kaɗan, wani tana juya shi da sauri har numfashi ya yi rauni. Wannan na cikin hatsarin maganin tari mai kodin da ya addabi matasa a Kano da sauran garuruwa, wanda gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018.

Daga ƙarshe ƙoda ke tace jini ta zubar da saura a fitsari. A 1941, lokacin da likitocin Oxford suka fara gwada fenisilin, ƙarancinsa ya sa suka riƙa tace shi daga fitsarin majinyaci suna sake ba shi, saboda saurin da ƙoda ke fitar da shi. Masana na auna wannan sauri da lokacin da rabin maganin ke ɓacewa daga jini. Lamarin kamar tulu ne mai yoyo da ake so ruwansa ya tsaya a tsakiya: in an daɗe ba a ƙara ba ya yi ƙasa, in an cika zubawa ya malala. Rabin farasitamol kan ɓace cikin awa biyu zuwa uku ne, shi ya sa ake maimaita shi bayan awa 4 zuwa 6. Tsoho ko mai ciwon ƙoda yoyonsa a hankali yake, don haka likita kan rage masa awon wasu magunguna.

Wannan lissafi ne ya sa aka haɗa magani biyu a ƙwayar maleriya. Atimita yana kashe ƙwayoyin cutar da sauri, amma cikin 'yan awoyi ya bar jiki. Lumefantirin a hankali yake aiki, yana kwanaki a jini yana share waɗanda suka rage. Sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyu awa 8 bayan na farko. Zazzaɓi kan sauka tun a rana ta biyu, sai wasu su ajiye sauran don gaba, alhali lumefantirin bai taru yadda zai ƙarasa aikin ba. Ƙwayoyin da suka tsira sukan dawo da zazzaɓin bayan mako biyu ko uku.